Wasan Naka Ne, Amma Da Fuskar Wa Yake Yawo?

Ɗalibai da dama a nan Daura sun fara haɗa ƙananan wasannin kwamfuta da hannunsu, wani da Python, wani da Godot, wani da Unity. Wasu don furojet na ƙarshen zango suke yi, wasu kuma sha'awa ce kawai. Sai ka ga mutum ya yi makonni yana gyara tsallen ɗan wasa da sautin nasara, amma in ya turo maka fayil ɗin, abin da za ka fara cin karo da shi kan butum-butumin nan ne shuɗi na Godot, ko macijin pygame, ko farin akwatin nan marar fuska da Windows ke liƙa wa duk manhajar da ba ta zo da hotonta ba. Aikin nasa ne, fuskar ta aro ce.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To, ƙarami ne a ido, amma shi malamin da zai ba ka maki zai fara gani ranar kare furojet, tun kafin ka buɗe baki. Shi ne kuma abokinka zai nema a tsakiyar manhajoji hamsin bayan ka tura masa wasan ta Xender. In bai gane shi ba, ranar da wayarsa ta cika shi zai fara gogewa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Me ake nufi da tambari?

Ɗan hoton nan da ke wakiltar manhaja a kan allo, wanda 'yan kwamfuta ke kira aikon, shi muke nufi da tambari. Mu mutanen masarauta kalmar ba baƙuwa ba ce gare mu. In aka buga tambura a fada, ba sai an yi shela ba, kowa ya san na wane ne. Aikin ke nan da ake so ɗan hoton ya yi: a gane mai shi daga nesa, ba tare da an karanta komai ba.

Kamfanin Xerox ya fitar da kwamfutar Star a 1981 da irin waɗannan hotuna a kan allonta. A 1984 Apple ya fito da Macintosh, kuma wata mai zane, Susan Kare, ita ta zana tamburanta da baƙi da fari kawai, a fili mai ɗigo 32 a tsaye, 32 a kwance. Ɗigo 1,024 ke nan gaba ɗaya. A takarda mai gida-gida ta fara zana su, tana cike wani gida tana barin wani, kamar mai ɗinkin hula. Yau allo ya ƙara kyau, launuka sun yi yawa, amma matsalar tana nan yadda take: fili kaɗan ne, kuma dole a gane abin da ke ciki da kallo ɗaya.

Wuri uku yake zama

Abin da ya fi rikita masu farawa shi ne ɗaukar tambari a matsayin hoto ɗaya da ake sa wa a wuri ɗaya. Ba haka ba ne. Akwai wanda ke fitowa a kusurwar tagar wasan da kuma layin ƙasan allo lokacin da wasan ke gudana. Wannan lambobin da ka rubuta ne ke ɗora shi. Akwai wanda ke manne a jikin fayil ɗin exe, wanda ake gani a folda tun ba a buɗe wasan ba; wannan lokacin haɗa fayil ɗin ake cusa shi ciki. Sai na uku, na waya, wanda ke da nasa dokokin daban. Shi ya sa za ka ji ɗalibi yana cewa, "Na fa sa tambarin, amma bai fito ba!" Ya sa ɗaya ne, saura biyu.

Kafin a je ga sakawa, sai an sami abin sakawar tukuna.

Zaɓi abu ɗaya tak

Mu ɗauka wasanka a kan rijiyar Kusugu ka gina shi. Kowa a garin nan ya san labarin: macijiya mai suna Sarki ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya zo cikin dare ya kashe ta, ya auri sarauniya Daurama. A wasan, sai a ce ɗan wasa yana ƙoƙarin cika tulu kafin macijiya ta leƙo. Da an zo zanen tambari, zuciya za ta ce a sa rijiya, a sa macijiya, a sa Bayajidda bisa doki da takobi, sannan a rubuta sunan wasan a ƙasa. A babban allo zai yi kyau. Amma mafi ƙanƙantar girman da Windows ke nunawa 16 sau 16 ne, ɗigo 256 kacal. Duk wannan tarkacen in aka matse shi a nan, fate zai koma.

Saboda haka ka zaɓi abu ɗaya: ko guga da igiyarsa, ko kan macijiya yana leƙowa daga bakin rijiya. In wasan dara ka yi, 'ya'ya uku a jere sun isa, don duk wanda ya san dara ya san ma'anar uku a layi. In dambe ne, hannun nan da aka naɗe. In tseren dawaki ne irin na hawan Sallar Gani, kan doki kaɗai, ba sai da mahayi ba.

Launi biyu ko uku sun wadatar, kuma su bambanta sosai da juna, misali ruwan ɗorawa a kan shuɗi mai duhu. Ka guji rubutu, tunda kwamfuta da waya duk suna rubuta sunan manhaja a ƙarƙashin tambarin. Ka guji hoton kyamara. Ko ka je Kusugu ka ɗauko hoto mai kyau, da an rage shi ba abin da zai rage sai duhu da haske. Layuka su zama masu kauri, don siririn layi ɓacewa yake yi.

Wajen zanen, ba sai ka sayi komai ba. Inkscape da GIMP da Krita duk kyauta ne. Ka buɗe fili mai tsawo da faɗi daidai, 1024 sau 1024, ka bar bayan hoton wayam, wato ba fari ba, ba baƙi ba, ana hango abin da ke bayansa. Ka adana shi a matsayin PNG. JPEG ba ya iya riƙe wannan wayam ɗin, shi ya sa wasu tamburan ke fitowa da farin akwati kewaye da su kamar an manna fasfo a bango.

Gwaji uku za ka yi masa. Ka rage shi zuwa 16 sau 16 ka duba ko har yanzu ana gane shi. Ka shafe shi da baƙi gaba ɗaya ka ga ko inuwarsa kaɗai tana faɗin ko mene ne. Sannan ka ɗora shi a kan farin allo da baƙin allo, tunda mutane da yawa yanzu yanayin duhu suke sa wa na'urarsu. In ƙaramin ya dagule, ba laifi ka zana masa nasa daban, ka cire ƙananan abubuwa irin su ido da saƙar igiya.

Fayil ɗin ICO ba hoto ɗaya ba ne

Windows ba PNG yake so a jikin exe ba, ICO yake so. Wata dabara da ɗalibai kan yi ita ce su canza ƙarshen sunan daga png zuwa ico. Wannan kamar rubuta "zuma" ne a jikin kwalbar manja: sunan ya canza, abin da ke ciki yana nan. ICO jaka ce mai ɗauke da hoto iri ɗaya a girma daban-daban, Windows kuma ya zaɓi wanda ya dace da inda zai nuna shi. Aƙalla a sami 16, 32, 48 da 256. Mai 256 ɗin tun zamanin Windows Vista aka fara amfani da shi, kuma shi ake nunawa in aka zaɓi manyan hotuna a folda. In babu shi, sai ka ga ɗan mitsitsin tambari a tsakiyar ƙaton fili.

GIMP na iya fitar da ICO. Mai Python kuma layi uku sun ishe shi, in ya girka Pillow:

from PIL import Image
hoto = Image.open("kusugu.png")
hoto.save("kusugu.ico", sizes=[(16,16),(32,32),(48,48),(256,256)])

Ga 'yan Python da pygame

Tambarin taga da PNG ake sa shi, mai girman 32 sau 32. Ka ɗora shi kafin ka buɗe tagar, don a wasu kwamfutocin in taga ta riga ta buɗe ba ta karɓar canji:

tambari = pygame.image.load("kusugu32.png")
pygame.display.set_icon(tambari)
allo = pygame.display.set_mode((800, 600))

In ka gudanar da wasan daga cikin Python sai ka ga layin ƙasan allo yana nuna tambarin Python, kar ka damu. A wurin Windows, Python ne ke gudana, wasanka fasinja ne. In ka mayar da shi exe zai tsaya da ƙafarsa. Ga yadda ake yi da PyInstaller:

pyinstaller --onefile --windowed --icon=kusugu.ico --add-data "kusugu32.png;." wasa.py

Lura da abu biyu a layin nan. Na farko yana manna ICO a jikin exe. Na biyu yana cusa PNG ɗin taga a cikin kunshin. Mutane kan manta na biyun, sai wasan ya yi aiki a kwamfutarsu, ya ƙi buɗewa a ta malam, saboda yana neman hoton da aka baro a gida. Bayan haka, exe irin wannan in an buɗe shi yana zazzage kayansa ne a wata folda ta wucin gadi, don haka sai ka nuna wa wasan hanyar can:

import os, sys
tushe = getattr(sys, "_MEIPASS", os.path.abspath("."))
hanya = os.path.join(tushe, "kusugu32.png")

Sai ka ba pygame.image.load wannan hanyar maimakon sunan hoton kaɗai.

Godot, Unity da sauransu

A Godot, ka shiga Project Settings, sannan Application, sannan Config. Gurbin Icon shi ne na taga. Na jikin exe kuwa a wurin Export ake zaɓarsa, a tsarin Windows, kuma ICO za ka ba shi. A Godot 3 da farkon Godot 4, wannan ba ya aiki sai ka sauke wata 'yar manhaja mai suna rcedit ka nuna wa Godot inda take a Editor Settings. In ba ka yi ba, kan butum-butumin zai ci gaba da yawo da wasanka.

Unity ya fi sauƙi: a Project Settings, ƙarƙashin Player, akwai Default Icon. Ka ba shi babban PNG, shi zai yanka sauran girman.

Mai rubutu da C ko C++ a Code::Blocks zai buɗe ƙaramin fayil mai ƙarewa da rc, ya rubuta layi ɗaya, ya ƙara shi cikin furojet ɗin:

1 ICON "kusugu.ico"

A Visual Studio, ko C# kake yi ko Visual Basic, tambarin exe yana shafin Application na kaddarorin furojet, amma kowane Form yana da nasa gurbin Icon daban, sai ka bi su ka cike. 'Yan Java kuma setIconImage ke gyara musu taga, amma fayil ɗin jar ba ya ɗaukar tambari a jikinsa. Sai an naɗe shi ya zama exe da manhaja irin Launch4j.

Waya: inda almakashi yake

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin waɗanda za su buga wasanka a waya za su buga shi, Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung. Da can Android hoto ɗaya yake karɓa a girma biyar: 48, 72, 96, 144 da 192, gwargwadon kyan allon waya. Daga Android 8, wanda ya fito a 2017, aka kawo sabon tsari. Yanzu hoto biyu kake bayarwa, na gaba da na baya, wayar ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta yanke su da siffar da kamfaninta ya ga dama. Wata ta yanka da'ira, wata murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi.

Ka ga ke nan gefen hotonka ba a hannunka yake ba. Ma'aunin shi ne: in filin ya kai 108, abin da aka tabbatar ba za a taɓa ba da'ira ce a tsakiya mai faɗin 66. A hoto mai 432 sau 432, wanda shi Godot ke nema, da'irar ta kama 264. Guganka ko kan macijiyarka su zauna cikin wannan da'irar. Duk abin da ya fita, wata wayar za ta gutsure shi. Hoton baya kuwa launi ɗaya ya isa, kuma ya cika filin har baki.

Android 13 na 2022 ya ƙara hoto na uku mai launi ɗaya, don masu son duk tamburansu su bi launin allon wayarsu. Nan ne gwajin inuwar da ka yi zai yi maka rana. In kuma kana da niyyar kai wasan Google Play, suna neman wani PNG daban mai 512 sau 512. Masu aiki da Android Studio suna da Image Asset, wanda ke yanka duk waɗannan ya kuma nuna yadda kowace siffa za ta fito.

Na yi komai daidai, amma tsohon yake nunawa

Sau da yawa ba laifinka ba ne. Windows yana ajiye kwafin tamburan da ya taɓa gani don kar ya riƙa karanto su kullum, to sai ya ci gaba da nuna tsohon ko da ka canza. Ka canza wa exe ɗin suna, ko ka kwafe shi zuwa wata folda. In sabon ya fito, aikinka lafiya lau yake. A Windows 10 za ka iya rubuta ie4uinit.exe -show a akwatin Run don ya sabunta ajiyar. A waya kuma, ka cire tsohon wasan gaba ɗaya kafin ka sa sabon.

Wani abin da ya kamata a sani: tambari ba shaidar lafiya ba ce. Ba zai hana Windows gargaɗi kan exe da ba a san mai shi ba, kuma wasu manhajojin kariya kan zargi abin da aka haɗa da PyInstaller ko da ba shi da komai. Haka nan masu ƙwayar cutar kwamfuta da tambari suke yaudara. Sukan sa wa exe hoton folda, ka danna a filashi kana zaton handawut ne, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa. Wanda ya san yadda ake manna tambari ya san kowa zai iya manna kowane iri. Ka saita kwamfutarka ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, musamman in kana yawan kai filashi shagon buga takardu.

Kayan aro ba ya rufe katara

Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga Google a ɗauko hoto. Kar ka yi. Tambarin Barcelona ko na Katsina United ko na Free Fire duk suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare zane da hoto da manhajar kwamfuta, kuma kariyar ta haɗa da naka aikin. Google Play ma yana cire manhajar da ta kwaikwayi tambarin wata. Tambarin makaranta da na masarauta su ma ba a ɗauka sai da izini, don duk wanda ya gani zai ɗauka su suka fitar da wasan. Hoton Mai Martaba ko na wani mutum sananne kuwa, ko kusa kar ka je.

In zane ba fanninka ba ne, hanya biyu ce. Akwai masu ba da zane kyauta da lasisin CC0, irin su Kenney, wanda ke ba ka damar amfani da shi har a abin sayarwa. Ka karanta lasisin kafin ka sauke. Ko kuma ka nemi ɗan ajinku mai hannun zane, ku yi yarjejeniya, ka rubuta sunansa a cikin wasan. Wannan ya fi, don guga da tulu da hannun ɗan dambe ba lalle ka same su a rumbun zanen Turawa yadda ka san su ba.

Kafin ranar kare furojet

Kar ka bar wannan aikin sai daren ƙarshe, lokacin da wuta za ta iya ɗaukewa batir ya mutu. Ka ware masa yini guda, mako ɗaya kafin ranar. Ka adana babban zanen a wuri mai aminci, don daga shi za ka riƙa fitar da sauran. Ka duba wuraren nan ɗaya bayan ɗaya: folda, kusurwar taga, layin ƙasan allo. Ka sa exe ɗin kaɗai a filashi ka kai kwamfutar da ba a taɓa girka Python ko Godot a kanta ba, ka buɗe. In na waya ne, ka gwada a wayoyi biyu na kamfanoni daban-daban.

Daga nan sai ka sami wanda bai taɓa ganin wasan ba, ko ɗan wani sashen ne, ko ƙanwarka a gida, ka nuna masa ƙaramin tambarin na daƙiƙa biyu, ka rufe, ka tambaye shi me ya gani. In ya ce guga, ka gama. In ya ce kofin shayi, ka koma kan zane, ka ƙara wa igiyar kauri. Allah Ya ba da sa'a.